Me yasa krem ke sulalewa daga jikin gato? Ku daina ɗora ma rana laifi ita kaɗai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Nasan kun gani dan babu guruf ɗin WhatsApp da ba'a tura shi ba, bidiyon gaton bikin nan mai hawa uku da krem ɗinshi ya sulale ƙasa tun amarya bata shigo ba, furannin suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya mai ɗaukar hoto kuma ya ƙi kau da wayarshi, Allah ya shirya shi. Tun ranar saƙo ke shigo min, wasu sunce margarin ɗin ne ba mai kyau ba, wasu sunce zafin Maraɗi ne babu yanda za'ayi, wata baiwar Allah ma tace baki ne yayi ma gaton yawa. To Hajiya baki gaskiya ne amma wanga dai ba shi bane. Akwai wuri ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa, tsakanin fitowar gato daga wuta da shafa mishi krem, kuma nan zamu daɗe yau. Sauran da gudu zamu wuce.

(hannu na zuba kayan haɗi a roba)

Kwaɓin dai wanda kuka sani ne, ƙwai 4, sikari giram 200, margarin giram 200, fulawa giram 200, komai nauyi ɗaya. Lebur, wato hodar nan da ke sa gato ya tashi, rabin saše ya isa, dan ƙaramin sašen nan mai giram 11 na fulawa rabin kilo ne, ba'a juye shi duka a wanga kwaɓin, in kika juye zai tashi kamar da gaske sannan ya faɗa ta tsakiya. Ki buga margarin da sikari har yayi haske, ƙwai ɗaya ɗaya, fulawa daga ƙarshe kuma da ta ɓace ki tsaya da juyi. Fur, wato murhun gasa gato, a digiri 180, minti 35 zuwa 45 ya danganta da zurfin gwangwanin. Masu tukunya da yashi, gawayi kaɗan ƙasa, da ɗan yawa bisa marfi. Tsinke ya fito tas, an gama. Wannan duk kun iya.

To yanzu ku natsu.

Ke matso da wayar nan kusa su gani. Ga gato ya fito, na barshi minti 15 cikin gwangwani na juye shi bisa raga, ya ɗan sha iska. Ku ga na ɗora bayan hannuna a samanshi, lafiya lau babu zafi, kuma a nan ne mutum ke cewa alhamdulillah ya huce a kawo krem. Yanzu bari in yanka shi biyu. Kun ga tururi? Tsakiyar gato lokacin da ya fito daga wuta zafinta na kai digiri 95, kaɗan ya rage ya kai na tafasasshen ruwa, kuma gato abu ne mai cike da 'yan ramukan iska shiyasa yake riƙe zafi ya daɗe, waje ya huce ciki na nan da ɗumi, gashi in kika rufe shi da krem kin toshe ma zafin da tururin hanyar fita, sai su taru daidai inda krem ya haɗu da jikin gato. Wurin ne ke fara narkewa. Daga waje ado na nan tsaf kina ta ɗaukar hoto, daga ƙarƙashi kuwa an riga an samu wani siririn mai mai santsi, nauyin krem ɗin da kanshi zai ja shi ƙasa. Shiyasa a bidiyon can in kun lura ba ɗiga yake ba, zamewa yayi gaba ɗaya faffaɗa guda. Da rana ce kaɗai da daga sama zai fara ƙyalli yana ɗiga.

Wata zata ce to ni ai na barshi awa 3 bisa tebur, na bi yanda masu koyarwa a YouTube ke cewa a barshi ya kai yanayin ɗaki. Yawwa, abinda nake so mu zo kenan. Ɗakin wa? Matar da ke faɗin haka tana Faransa ko Ingila, kicin ɗinta digiri 20 ne ko 22. Bota kuma tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, dalilin da yasa take narkewa bisa harshe kenan tunda jikin ɗan Adam 37 ne. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40 a inuwa, kicin mai rufin kwano da aka kunna wuta a ciki tun safe ba sai na faɗa ba. Kenan ko kwana gaton yayi bisa tebur ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na ɗakin ba, ɗakin kuma ya riga ya fi ƙarfin bota. Kin bi umarni daidai, umarnin ne ba dan ɗakinki aka rubuta shi ba.

Dan haka a garin nan hucewa kaɗai bata isa ba, sai ya sha sanyi. Ga yanda nake yi ku kalla. In ya daina ɗumi kwata-kwata, ba kafin nan ba dan in kika naɗe shi da zafi gumi zai yi ya zama caɓal, sai in naɗe kowane faifai da leda mai mannewa sosai babu inda iska zata shiga. Ledar tana da aiki biyu, tana hana shi bushewa, kuma tana hana shi ɗaukar warin kifi da miyar jiya da ke firigon, dan gato da krem basu da kunya wurin kwasar wari, gaton suna mai ƙamshin daddawa ba abin alfahari bane. Firigo aƙalla awa 2, in da hali ya kwana. Ni a ganina duk mai karɓar oda ta gasa yau tayi ado gobe, wadda tazo miki da safe tace da la'asar take so mai hawa biyu ki bata haƙuri, kuɗin nan ba zai biya miki sunanki ba in ya zube gaban mutane.

(an fiddo gato daga firigo, ana kwance ledar)

Ku ji yanda yayi ƙarfi, yanzu ko na yanke tudun saman nan baya marmashewa. Krem ɗina na margarin ne, awo ɗaya na margarin awo biyu na garin sikari mai laushi wanda aka tankaɗe, ɗan gishiri, vanil, madara cokali ɗaya in yayi tauri. Margarin ɗin da ake saidawa ƙasashenmu na zafi an haɗa shi ne ya jure ajiya ba firigo, shiyasa ya fi bota tsayawa, duk da wallahi bota ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Lokacin sanyi ina haɗa rabi da rabi, lokacin zafi ko kusa.

Tsakanin faifai da faifai ku ga na fara zagaye baki da krem mai kauri sannan na zuba na tsakiya, musamman in jam zaki sa ko wani abu mai ruwa ruwa, in babu wanga katangar zai bulbulo ta gefe. Masu jiƙa gato da ruwan sikari kuma a rage hannu, ɗan shafawa ne da buroshi, ba wanka ba.

To ga shafar farko, ita ce rabin na biyu na maganar tamu. Ku duba kaɗan ɗin da na ɗebo. Siririya ce sosai har kuna hango jikin gaton ta ciki, kuma tayi muni na sani, duk ɓarɓashi ya cakuɗe da ita, haka ake so. Duk wadda ta taɓa tsayawa kan magina ta san basa yin filasta mai sulɓi kai tsaye bisa bulo, sai sun watsa ta farko mai kaushi ta kama ta bushe sannan ta biyu ta samu abin riƙewa. Aikin wagga shafar kenan, ta kame ɓarɓashi kar ya ɓata miki farin krem, ta cike ramuka, ta zama abinda shafa ta biyu zata manne ma. Abinda na kankaro da wuƙa kar ya koma cikin babbar roba, ki ware mishi ɗan kwano daban, in ba haka ba duk krem ɗin zai yi ɗigo ɗigon ɓarɓashi.

Sai ya koma firigo minti 20 zuwa 30. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, nasani, waya na ta ƙara uwar amarya na tambaya an gama? Ba agogo zaki bi ba ma, yatsa zaki bi. Ki taɓa, in ya manne miki a yatsa da saura, in kin ji shi a kame babu abinda ya biyo ki to ya yi. Margarin baya daskarewa da sauri irin bota dan haka kar ki damu in naki ya kai minti 40.

Babu hoton da zan nuna muku na jira sai ƙofar firigo, to bari muyi maganar waɗanda basu da shi ko kuran ya ɗauke musu a tsakiyar aiki, wanda duk mun san ba labari bane. Kula babba irin ta masu saida lemu, in kika haɗa ta da ƙanƙara guda 3 ko 4 na leda, tana yin aikin. Ki jera ƙanƙarar a ƙasa, ki kifa faranti ko tire bisa, gaton cikin kwali ko roba mai marfi, kar ruwa ya taɓa shi ko kaɗan, ki rufe ki daina buɗewa kina leƙe. Ado kuma ki yi shi bayan isha'i ko da asuba lokacin da garin ya sassauta, ba ƙarfe 2 na rana ba. Krem ɗin ma in kin ga ya fara ƙyalli a roba ki ɗora robar bisa ƙanƙara minti kaɗan ki sake bugawa. Hannunki ma wuta ne fa, ledar matsa fure in ta daɗe a tafin hannu narkewa take, shiyasa nake cika biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa a sanyi. In duk wannan babu hali, ba dole sai krem ba, ki shafa ɗan jam ki barbaɗa kwakwa ko dakakkiyar gyaɗa, ga gyaɗa nan Allah ya hore mana, yafi ki kai ma mutane abinda zai baki kunya.

(shafa ta biyu, gato na juyawa bisa faranti)

Kun ga yanda ta biyun ke tafiya sumul? Babu ɓarɓashi ko ɗaya. Wuƙa a tsaye, farantin ne ke juyawa ba hannu ba. Fure, rubutu, kala, wannan kowa da son ranshi, ni dai roƙona ɗaya a rage shuɗin nan mai rina haƙora, yara su dawo daga anibarsar baki kamar sun sha bula.

'Yan abubuwa da gudu kafin mu rufe. Masu cewa to bari in jefa shi firiza ya daskare gaba ɗaya in huta, ku kula da damina. Watan Agusta iska cike take da laima, kina fiddo daskararren gato ruwa zai taru a jikinshi irin na gorar ruwan sanyi, kala ta fara zuba, fondan kuma, kwaɓin sikarin nan da ake murzawa a lulluɓe gato da shi, ya yi yauƙi. In kin fiddo ki barshi cikin kwalinshi a rufe ya saki a hankali, laimar ta sauka bisa kwalin. Lokacin hunturu kuwa Disamba da Janairu aikin ya fi sauƙi, da asuba garin kanshi firigo ne, ƙura ce kawai abokiyar gaba sai a rufe. Shantiyi kuma, krem ɗin nan mai kumfa na hoda da ake bugawa da ruwan sanyi ko madara, yana da kyau a hoto amma bikin da za'ayi a filin gida da la'asar ban baki shawara ba, sai in daga firigo zuwa wuƙa ne.

Mai hawa biyu ko uku dole kowane hawa ya zauna bisa nashi kwalin, da sanduna 4 ko 5 a soke cikin na ƙasa su ɗauki nauyin, krem baya ɗaukar kaya. Wurin kaiwa kuma dan Allah banda kabu-kabu, kar a ɗora shi bisa cinya a adaidaita ma dan cinya ɗumi gare ta kuma ba a miƙe take ba, a ajiye shi ƙasan mota inda yake shimfiɗe, hawa hawa daban, a haɗa a can. Ki tambayi masu biki ƙarfe nawa za'a yanka, ba ƙarfe nawa aka rubuta a kati ba, dan kin san in ance 4 to sai bayan magariba, ki kai shi kusa da lokacin.

Masu tambayar yanda ake narka cakulan ya gangaro ta gefe ba tare da ya kai ƙasa ba na gani, shi ma sanyin gaton ne ke tsayar da shi, zamu yi nashi daban. Ke kashe haka nan, ɗauko min kwalin kafin kuran ya tafi.