Kalmomin Yaƙi da Aikin Soja a Ingilishi Ga Mai Jin Hausa da Faransanci

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau a kan kalmomin yaƙi da aikin soja ne a harshen Ingilishi, kuma zan fara da abin da ya sa na zaɓi wannan batu.

Wata safiya ina zaune a teburin mai shayi a Kuseri, garin Kamaru da ke kan iyakar Cadi, sai wani saurayi ya ɗaga wayarsa ya karanta wa jama'a labarin wani hari da aka kai a yankin Tafkin Cadi, wanda aka rubuta da Ingilishi. Ya ga an rubuta “twelve casualties”, nan take ya sanar cewa sojoji goma sha biyu sun mutu. A ƙarshen benci akwai wani dattijo da ɗansa ke aikin soja a can. Ya ajiye kofinsa bai ƙara kurɓa ba, ya ce, “Yaro, sake dubawa, an faɗi sunaye?” Na karɓi wayar na karanta labarin har ƙasa, sannan na ce masa, “Baba, ba haka aka rubuta ba. Mutum biyu ne suka rasu, sauran goman rauni suka ji.” Hankalinsa bai kwanta gaba ɗaya ba, domin biyun ma rayuka ne, amma hannunsa ya daina rawa har ya iya danna lambar ɗansa.

To, mu fara da wannan kalma da kuke gani a allo. Casualty a harshen soja tana nufin duk wanda yaƙi ya fitar daga fagen fama, ko ya mutu, ko ya ji rauni, ko an kama shi, ko ya ɓace ba a san inda yake ba. Idan ana son a ce mutuwa kai tsaye, sai a ce killed, ko dead, ko fatalities, adadin waɗanda suka mutu kuma shi ne death toll. Wanda ya ji rauni a yaƙi shi ne wounded, wato abin da Faransanci ke kira blessé, kuma a kula ƙwarai kada a haɗa blessé da kalmar Ingilishi blessed, wadda ke nufin mai albarka. Wanda ba a gani ba bayan an gama fafatawa shi ne missing. Haka nan akwai tazara tsakanin “he was shot” da “he was shot dead”: na farko yana nufin harsashi ya same shi, kuma mai yiwuwa yana kwance a asibiti, na biyu kuwa shi ne an harbe shi har lahira. Duk wanda zai fassara wa mutane labarin yaƙi, ko a majalisa ko a saƙon murya na WhatsApp, ya wajaba ya riƙe waɗannan bambance-bambance tun kafin ya koyi sunan kowace irin bindiga.

Yanzu ga albishir. Bahaushen Marwa ko Garwa ko Njamena da ya yi makarantar Faransanci yana shiga wannan darasi ne da guzuri biyu a hannu. Guzuri na farko Hausar kanta ce, domin yawancin kalmomin soja da muke amfani da su daga bakin sojojin Ingila kakanninmu suka ɗauko su. Soja daga soldier ta fito, bariki daga barracks, fareti daga parade, sintiri daga sentry, kurtu daga recruit, fursuna daga prisoner. A muƙamai ma haka abin yake: kofur shi ne corporal, saje shi ne sergeant, samanja shi ne sergeant major, kyaftin captain, manjo major, kanar colonel, janar kuma general.

Kalmar kanar ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. Wanda ya saba da Faransanci idan ya ga colonel zai karanta ta “kolonel”, amma masu Ingilishi “kanal” suke cewa, ba sa furta harafin l na tsakiya ko kaɗan. Kakanninmu da kunne suka koyi kalmar, ba su taɓa ganin rubutunta ba, shi ya sa lafazin Hausa ya fi kusa da daidai fiye da na ɗan boko mai bin haruffa. Haka sergeant, “sajant” ake cewa, kamar yadda saje ke nunawa. Lieutenant kuwa lafazi biyu gare ta: a Ingila da ƙasashen da ta mallaka, har da Najeriya, “leftenant” ake cewa, daga nan laftanar ta samo asali, a Amurka kuma “lutenant”. Corps, wato babbar runduna, “ko” ake furta ta kamar a Faransanci, wanda ya furta p da s ɗin ƙarshe kuwa ya koma faɗin corpse, wato gawa.

Guzuri na biyu Faransanci ne, kuma akwai dalili na tarihi. A shekarar 1066 sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, Wiliyam, ya ci Ingila da yaƙi, kuma ƙarnoni bayan haka harshen fada da na mayaƙa a Ingila wani nau'in Faransanci ne. Daga baya ma Ingilishi ya ci gaba da aron kalmomin soja daga Faransa. Shi ya sa armée ta zama army, bataille ta zama battle, ennemi ta zama enemy, paix ta zama peace. Ita kanta war, wato yaƙi, tushenta ɗaya da guerre. Dokar hana fita da muka sha fama da ita a garuruwan kan iyaka, wadda muke ji ana kira couvre-feu, ita ce curfew a Ingilishi, kalma ɗaya ce da baki ya tauna har ta gajarce.

Sai dai wannan kusanci yana da tarkonsa, kuma tarihin Kuseri ya ba mu misali mai kyau. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, aka gwabza a Kuseri tsakanin mayaƙan Rabe, wanda ke mulkin Borno a lokacin, da sojojin Faransa, inda Rabe da jagoran Faransawa, Lamy, duk suka mutu, kuma da sunan wannan jagora aka kira Fort-Lamy, garin da ya koma Njamena a 1973. A littattafan Faransanci commandant Lamy ake rubutawa, a na Ingilishi kuwa Major Lamy, domin muƙamin commandant na sojan ƙasa shi ne major a Ingilishi, wato manjo. Commander kuma ana kiran duk mai jagorancin runduna da ita, kowane irin muƙami yake riƙe da shi, ita ce kwamanda a Hausa. Tarko na biyu shi ne marine: a Faransanci rundunar sojan ruwa ce baki ɗaya, wadda Ingilishi ke kira navy, alhali marines a Ingilishi wasu dakaru ne na musamman da ake horarwa su sauka daga ruwa su yi yaƙi a tudu. Na uku shi ne troops. Idan aka rubuta “five hundred troops”, sojoji ɗari biyar ake nufi, mutum-mutum ake ƙirgawa, kada tunanin troupe ya sa a zaci ƙungiyoyi ɗari biyar ne.

Game da tsarin runduna ba sai mun daɗe ba. Daga ƙarami zuwa babba akwai platoon, sai company, sai battalion, sai brigade, sai division. Battalion ita ce bataliya, kuma kowa a arewacin Kamaru ya san BIR, bataliyar kai ɗaukin gaggawa, wadda sunanta a Ingilishi shi ne Rapid Intervention Battalion. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi, wadda muke ji a Faransanci da sunan Force Multinationale Mixte, ita ce Multinational Joint Task Force, ko MNJTF a taƙaice. Joint na nufin haɗin gwiwa, task force kuma runduna ce da aka haɗa domin wani aiki na musamman. Hedkwatarta, wato headquarters, tana Njamena tun 2015, shiyyarta ta ɗaya, Sector One, tana garin Mora a arewacin Kamaru, kuma da yake kwamandanta daga Najeriya yake fitowa, sanarwoyinta da yawa da Ingilishi suke fara fita.

Tunda mun ambaci Mora, dutsenta zai koya mana kalmomi huɗu a lokaci guda. A yaƙin duniya na farko wani kyaftin na Jamus, Ernst von Raben, ya haye dutsen Mora da sojojinsa, dakarun Ingila da Faransa suka yi musu ƙawanya tun daga watan Agusta na 1914. Irin wannan ƙawanya ita ce siege, aikatau ɗinta kuma besiege. Sojojin da aka girke domin tsaron wuri su ne garrison. Sun yi kusan shekara ɗaya da rabi a saman dutsen, Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915 suna nan, sauran dakarun Jamus suka janye daga Kamaru, wato suka yi withdraw ko retreat, suna nan, sai a watan Fabrairu na 1916 suka miƙa wuya. Miƙa wuya shi ne surrender. Wannan kalma ta dawo bakin mutanen Mora a zamaninmu, domin a 2018 gwamnatin Kamaru ta kafa kwamitin karɓar mayaƙan da suka ajiye makamai, kuma Mora na cikin garuruwan da aka sanya wa cibiyoyinsa. Haruffan DDR da ake yawan gani a wannan batu suna nufin disarmament, ƙwace ko karɓar makamai, da demobilisation, sallama daga sahun mayaƙa, da reintegration, mayar da mutum cikin al'umma.

Sai kalmomin da direba ko ɗan kasuwa zai ci karo da su idan ya tsallaka daga Fotokol zuwa Gamboru, ko daga Amcide zuwa Banki. Checkpoint shi ne shingen bincike, patrol sintiri, convoy ayarin motoci, escort kuma rakiyar sojoji. Ambush kwanton ɓauna ne, raid samame, clash arangama, hostage wanda aka yi garkuwa da shi. Fire wuta ce, kuma a bakin soja harbi ne, don haka open fire ita ce buɗe wuta kamar yadda muke faɗi. Idan soja ya ce halt, tsayawa cik yake nufi, kuma wannan kalma ce da ba a son a tsaya neman mai fassara kafin a bi ta. Haka IED, wato improvised explosive device, bam ɗin da ake haɗawa da hannu a binne a hanya, da landmine, nakiyar da ake binnewa a ƙasa. Mine kaɗai tana iya nufin nakiya, tana iya nufin mahaƙar ma'adinai, tana iya nufin “nawa ne” na mallaka, amma idan aka gan ta a jan allo a bakin hanya tare da danger, ma'ana ɗaya ce tak, kuma ba a taka wurin.

Akwai wasu kalmomi biyu da ma'aikatan agaji ba sa wasa da bambancinsu. Refugee shi ne wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa domin tsira da rai, kamar 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013. Wanda ya bar ƙauyensa amma yana cikin ƙasarsa, kamar mutumin da ya gudo daga Kolofata zuwa Marwa, shi ne internally displaced person, ko IDP. A Hausa duka 'yan gudun hijira muke ce musu, amma a takarda hukuncinsu daban ne, kuma mai fassarar da ya cakuɗa su yana iya sa a rubuta iyali a rajistar da ba tasu ba, su yi ta jiran taimakon da ba zai zo ba.

Kalmomin da suka fi buƙatar a yi hattara da su, a ganina, su ne waɗanda aka ƙera domin su sassauta abin da ya faru. Neutralised, wadda sanarwoyin Faransanci ma ke amfani da ita, yawanci kisa take nufi, amma tana iya haɗawa da kamawa ko raunatawa, don haka mai fassara ya karanta gaba ya tabbatar kafin ya ce an kashe. Friendly fire ita ce harbin da ya sami mutum daga ɓangarensa bisa kuskure. Collateral damage kuwa, wadda a zahiri take kama da ɓarnar dukiya, sau da yawa fararen hula take nufi, wato civilians, mata da yara da manoman da hari ya rutsa da su alhali ba su aka nufa ba. Idan na ci karo da ita ina fassara, nakan faɗi abin da take nufi ƙarara, domin mutanen da ke ƙarƙashin wannan kalma suna da sunaye da dangi.

Saura kalmomin ƙarshen yaƙi, kuma matakai ne. Ceasefire ita ce tsagaita wuta, tana iya zama ta kwana uku kawai. Truce ma kusan haka take, ɗan sararawa ne da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Armistice yarjejeniya ce a rubuce ta dakatar da faɗa, kamar wadda aka sanya wa hannu ranar 11 ga Nuwamba, 1918, domin dakatar da yaƙin duniya na farko. Peace treaty kuwa ita ce yarjejeniyar zaman lafiya da ke rufe yaƙi a hukumance. Yaƙin Koriya ya tsaya ne da armistice a 1953, kuma har yau ba a sanya hannu a kan peace treaty tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu ba.

Ga jimla ɗaya a allo, ku dakatar da bidiyon ku gwada fassara ta kafin in faɗi tawa: “Troops on patrol were ambushed near the border, the army reported six casualties, including one soldier killed.” Ga yadda zan faɗe ta da Hausa: an yi wa sojojin da ke sintiri kwanton ɓauna kusa da kan iyaka, kuma rundunar ta ce harin ya rutsa da mutum shida, ɗaya daga cikinsu ya rasu.