Wace Tocila Za Ka Riƙe In Ka Fita da Kare da Dare?

An kwafo wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na 'yan sintiri, masu gadi da mafarauta a Gombe. Mai jawabin ma'aikacin lantarki ne.

Assalamu alaikum. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Sarkin Baka, Allah ya ja kwana. Iyayena da 'yan uwana, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan tocila, musamman ga mai fita da kare da dare, ko sintiri, ko gadin gona, ko mai karen gida da yake fitar da shi ya miƙe ƙafa bayan isha'i, tunda ranar Gombe ba ta bari. Abu biyar na rubuto a takardar nan: ƙarfin haske, faɗinsa, batir, ruwa da ƙura, sai riƙo.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. A jikin kwali za ku ga lamba an rubuta lumen a gefenta. Ma'aunin yawan hasken da ke fita daga ƙwan ke nan. Tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60, wanda ke ƙona hannu, yana ba da lumen 700 zuwa 800. To in ka ga tocilar da ba ta kai tafin hannunka ba an rubuta mata lumen 100,000, ajiye musu kayansu. Don tafiya a lungu, 100 zuwa 300 ya ishe ka. Sai dai ta kasance tana da mataki: ƙaramin haske na tafiya, da babba na lokacin da ka ji motsi. Babban ma, in kun lura, bayan 'yan mintoci yakan ragu da kansa. Ba lalacewa ta yi ba, zafi ne, tana kare kanta.

Na biyu, faɗin haske. A nan nake so kowa ya gyara zama.

Ku je babbar kasuwa da magariba ku ga yadda muke gwada tocila. Mutum zai karɓa, ya ɗaga ta sama, ya haska eriyar waya can nesa, ya ce, "Kai, wannan tana da ƙarfi!" Ya biya ya tafi. To Alhaji, kai da karen eriyar za ku hau? [dariya] Ƙasa za ku taka. Ƙasa.

Tocila iri biyu ce. Akwai mai tara haske wuri ɗaya ta cilla shi nesa. Za ku gane ta da babban kai da kasko mai zurfi mai sheƙi a bayan ƙwan. Akwai mai baza shi. Kamar ruwa ne a tiyo: in ka danne bakin da yatsa ya yi tsiri ya je nesa, in ka saki ya jiƙa gabanka duka, alhali ruwan ɗaya ne. Mai tsirin za ta nuna maka katangar da ke mita ɗari, amma taku uku a gabanka, dama da hagu, duhu ne. Kuma abin da ya fi muni, wannan farin da'irar mai ƙarfi tana tsuke idonka, sai duhun gefen ya ƙara baƙi. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya isa ya rushe wannan sabon.

Me ya sa na damu da taku ukun nan? Kububuwa.

Mu 'yan jihar Gombe ba sai an ba mu labari ba. Asibitin masu saran maciji yana nan Kaltungo, kuma daga Bauchi, Taraba, Adamawa ana kawo mutane. Duk wanda ya taɓa kai ɗan uwansa can a lokacin shuka ko kaka ya san abin da nake faɗa. Mafi yawan waɗanda ke kwance, kububuwa ce. Ba ta da girma, da yawansu ba su wuce kamu biyu ba. Launinta launin ƙasa ne da ɗige-ɗige, in ta naɗe a gindin dutse ko cikin karan dawa, ko da rana sai mai ido. Da rana tana ɓoye, sai yamma ta yi sanyi take fitowa farautar ɓera da kunama da ƙadangare, daidai lokacin da kai kuma ka ɗauki sarƙar karenka. Idon kare, idon mage, idon akuya, duk suna ƙyalli in ka haska su, saboda wani shimfiɗi da ke bayan idonsu yana mayar da haske. Idon kububuwa ba ya yi maka wannan alherin. Sai dai ka ga jikinta. Kuma ba za ka ga jikinta ba in haskenka yana can kan katangar makwabta.

Baba na ga kana gyaɗa kai. E, tana gargaɗi, gaskiyarka. Takan goga jikinta da jikinta, ka ji wani sauti "shhh, shhh". Amma ga iska, ga kukan gyare, ga janareta, ga kare yana haki. Wa zai ji?

Kuma ina take sara? Ƙafa. Idon sawu, yatsu, dunduniya. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga ɗan kumburi ya ce ba komai, gobe dasashinsa ya fara jini, fitsarinsa ya yi ja. Shi ya sa a asibiti suke ɗiban jini su ajiye a kwalba minti 20 su ga ko zai daskare. Don Allah, tunda maganar ta kawo mu nan: in ta faru, kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba tamau. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafar, a ɗauke shi a mota ko a Keke Napep zuwa asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Akwai allurar karya dafin, kuma tana aiki.

Shi kuma karen, da hanci yake tafiya. Kai kana kallon gaba, shi kansa yana cikin ciyawa. Don haka saran da ake yi wa kare a fuska ne ko wuya ko ƙafar gaba. Yana ganin duhu fiye da kai, wannan gaskiya ne, amma bai san cewa abin nan da yake shinshina zai kashe shi ba. Kai ne ka sani. To ya zama haskenka ya rufe ƙafarka, ya rufe inda hancinsa yake, a lokaci guda. In sarƙar mita biyu ce, da'irar hasken ta fi mita biyu.

Ga yadda za ka gwada a shago. Ka tsaya, ka riƙe ta a ƙugu, ka haska ƙasa taku uku a gabanka. Kana ganin takalminka? Kana ganin gefe da gefe? Ga tawa, bari in nuna. A kashe ƙwan nan na tsakiya. Kun gani? Ga ƙafata, ga ƙafar bencin can, ga butar Malam, duk a ciki. Yanzu ga irin mai tsirin. Kun ga butar ta ɓace. Tana nan inda take, amma ta ɓace. A kunna.

Wani abin sha'awa, kunama kuma akasin haka ce. Ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita, in ka haska kunama da ita cikin duhu, jikinta gaba ɗaya yakan yi haske kore-kore. Masu yara a gida ku gwada a gindin katanga, za ku yi mamaki. Kuma ku daina fita sintiri da silifas. Tocila ba ta maye gurbin takalmi mai rufi.

To ina muke? Na uku... batir. Tocilolin caji da yawa suna ɗauke da wanda ake kira 18650, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na gaskiya, irin na Samsung ko LG ko Panasonic, bai cika wuce 3500mAh ba, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka. Wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce. Ka auna shi a hannu: na gaske yana da nauyi, wajen giram 45, na jabu fayau yake. Ka zaɓi tocilar da ake buɗewa a canja batir, domin waɗanda aka liƙe, ranar da batir ya mutu ta mutu. Wanda ke ƙauyen da caji ke wuya, mai cin batirin rediyo ko mai sola ta fi masa. In batir ya kumbura, ko ledar jikinsa ta yage, kada ka sake sa shi a caji, kuma kada ka jefa shi aljihu tare da makullai, yana iya kama wuta.

Na uku kuma... a'a, na huɗu ke nan ko? Ruwa. A jikin kwali za ku ga lambar da ke nuna yadda tocila ke jure ruwa: mai IPX4 tana jure yayyafi da feshin ruwan sama. IPX7 ko ta faɗa kwata, har zurfin mita ɗaya na minti 30, za ta tashi. Ka duba akwai zoben roba a marfin. Da hunturu kuma, in hazo ya sauko, farin haske mai ƙarfi yana dawo maka a ido. Rage shi, ka sauke hannunka ƙasa.

Riƙo a taƙaice: hannu ɗaya sarƙa, ɗaya sanda, to tocila fa? Ta goshi tana warware wannan, sai dai da damina shinge da sauran ƙwari za su cika maka fuska, kuma duk wanda ka kalla ka kashe masa ido. Ku sa wa karen abin wuya mai ƙyalli saboda 'yan acaba. Kada ku dalle wa mai babur fuska, kada ku dalle wa matan aure da dattawa. A ƙirji ake haskawa, a yi sallama.

Na'am, Malam, akwai tambaya?

Mai tambaya: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni matsalata ba maciji ba ce. Karnukan da ba su da mai su ne suke taso wa nawa da dare. Kwanaki wani ya cije shi, ni ma ya yage ni a hannu wajen raba su.

Subhanallahi. Yaushe? To ɗan uwa, bar maganar tocila tukuna. Ka je asibiti? Ka je gobe da sassafe, ka ce kare ne ya cije ka, kana son allurar rigakafin haukan kare. Ko wurin ya warke, ka je. Ciwon nan yakan yi makonni, har watanni, yana kwance a jiki, kuma in alamunsa suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan ba a tashi. Amma kafin su bayyana allura tana tare shi. Ba guda ɗaya ba ce, za su ba ka ranaku, ka cika su duka.

Jama'a kowa ya riƙe wannan: in kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti. Naka karen kuma ka kai shi wurin likitan dabbobi gobe, ka gaya masa abin da ya faru, ka tsare shi kada ya shiga cikin yara. Ana sarrafa allurar karnuka a nan ƙasar, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma duk shekara ake sabunta ta. Cikinku masu kare, wa ya yi wa nasa bana? Ɗaga hannu. Biyu... uku. Sarkin Baka, ranka ya daɗe, wannan aikin naka ne, a tara su rana ɗaya a kira likitan.

Game da tare su kuwa, a nan ne babban matakin hasken yake da amfani. Idonsu zai ƙyalla tun daga nesa, kore-kore, biyu-biyu. Da ka gani, ka tsaya, ka taƙaita sarƙar, ka sa naka a bayanka, ka canja hanya a hankali. Kada ka gudu, kuma kada ka sake sa hannu tsakanin karnuka biyu, sandar ka sa.

Ka same ni bayan an tashi, ɗan uwa, in ga hannun.