Darasi na bidiyo: yadda sababbin dabarun kompaila ke sauƙaƙa wa kanel ɗin Linux aiki

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanku da war haka, daga nan Maradi. Wani ɗalibi na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya aiko da tambaya: shin in an canza kompaila, kanel zai ƙara sauri? Amsar ita ce e, amma sai ka san abin da kake roƙon kompailar ta yi maka. Shi za mu duba yau.

Kanel shi ne zuciyar tsarin, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka in Android ce, kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta. Kompaila kuma ita ke juya abin da muka rubuta da harshen C zuwa umarnin da furosesa ke ganewa. Guda biyu ake gina Linux da su, GCC da Clang.

To, ku dubi allo. Ga wani "if" na rubuta: in an kunna bin diddigi, a yi kaza. Kusan kullum a kashe yake. Amma wannan layi yana kan hanyar da ake bi sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, kuma kowane bi sai furosesa ta ɗauko ƙima daga ma'ajiya, ta gwada, sannan ta wuce. Kamar shinge ne a kan titi da kowace mota sai ta tsaya an tambaya ko yau ana bincike, a ce a'a, ta tafi. Ai gara a ɗage sandar gaba ɗaya, ranar da za a yi bincike a sauke ta.

Abin da asm goto ya kawo ke nan. GCC 4.5 ce ta zo da shi a 2010. Kafin nan, guntun umarnin asembili (harshen da ke daf da na furosesa) da ka saka cikin C ba ya iya tsallakawa zuwa wata alama ta C, wato wani wuri mai suna a cikin rubutun. Da ya samu wannan dama, masu kanel suka gina maɓalli tsayayye a kansa, wato makunnin da ba a gwada shi a kowane bi. Ku duba: na rubuta DEFINE_STATIC_KEY_FALSE, a wurin gwajin kuma static_branch_unlikely. Yanzu mu gina, mu buɗe sakamakon da objdump, manhajar da ke nuna umarnin da kompaila ta fitar. Kun gani? Babu ɗauko ƙima, babu gwaji. NOP kawai, umarnin da ba ya yin kome. Ranar da aka kira static_branch_enable, kanel da kansa zai je ya goge NOP ɗin yana cikin aiki, ya rubuta umarnin tsalle a gurbinsa. Wallahi wannan dabara tana burge ni har yau. Sai dai ku kula, sauyawar tana da tsada, don dole a daidaita duk furosesocin da ke na'urar. Abin da ake kunnawa ana kashewa a kai a kai, kada ku sa masa wannan. Kuma ku tabbata CONFIG_JUMP_LABEL a kunne yake, in ba haka ba gwajin da kuka gudu shi za a mayar muku.

Clang ba ta samu asm goto ba sai a siga ta 9, a 2019, kuma rashinsa ne ya hana ta gina kanel na x86 na wani lokaci. Daga baya aka ƙara masa iya fitar da sakamako, Clang 11 a 2020, GCC 11 a 2021. Amfaninsa yana wajen get_user, inda kanel ke karanto bayani daga wurin manhaja. Da, sai a ajiye lambar kuskure a rajista, ƴar ma'ajiyar da ke cikin furosesa, a gwada ta bayan kowane karatu. Yanzu in karatun ya faɗi, kai tsaye ake tsallakawa wurin kula da kuskure, in bai faɗi ba a wuce.

Akwai wasu dabaru biyu, zan taƙaita su. LTO ya shiga a Linux 5.12, shekarar 2021, da Clang: kompaila tana kallon fayiloli duka tare lokacin haɗawa, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Ku rubuta make LLVM=1, ku zaɓi CONFIG_LTO_CLANG_THIN. Shawarata ku tsaya kan wannan siririn LTO ɗin, don cikakken LTO yana cin ma'ajiya da lokaci, kuma mun san yanayin kwamfutocinmu da zafin watan Afirilu a garin nan. Sai AutoFDO da ya shiga a 6.13, farkon 2025. Shi kuma za ka bar na'ura ta yi aikinta na gaske, manhajar awo ta perf tana tattara inda aka fi bi, ka ba Clang wannan bayani ta sake gini. Ya fi likely da unlikely da muke sawa da hannu don gaya wa kompaila hanyar da aka fi bi, domin mu zato muke yi, shi kuwa awo ne.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne nake so ku riƙe. Kompaila mai wayo tana iya cutar da kai. A 2009, a Linux 2.6.30, cikin direban sadarwa mai suna tun, an yi amfani da wani manuni, wato abin da ke riƙe adireshin wuri a ma'ajiya, kafin a gwada ko babu kome cikinsa. GCC ta ce tunda an riga an taɓa shi, ai ba zai zama wofi ba, ta share gwajin. Wannan ya zama ƙofar da aka bi aka ƙwace iko da na'ura. Tun daga lokacin ake gina kanel da tutar -fno-delete-null-pointer-checks, mai hana kompaila share irin wannan gwaji. Haka ma ƙimar da furosesa biyu ke taɓawa tare: in ba ka sa READ_ONCE da WRITE_ONCE ba, kompaila na iya karantawa sau ɗaya ta riƙe, ko ta karanta sau biyu inda kake zaton ɗaya. Don Allah kada wani ya cire waɗannan kariya wai yana neman sauri, kuma kada ku ɗora -O3, matakin da ke ƙara wa kompaila wayo, da ka. A kan -O2 aka saba gina kanel.

Aikin gida: ku gina kanel iri biyu a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura, ɗaya da CONFIG_JUMP_LABEL, ɗaya babu. Ku buɗe aiki guda a kowanne da objdump, ku nemo inda NOP ya maye gurbin gwaji. Wanda ke da na'urar gwaji ta daban ya ɗora su a kanta ya auna da perf stat, aƙalla sau goma kowanne, don awo ɗaya ba ya nuna kome. Ku turo mini abin da kuka samu, da shi za mu buɗe darasi na gaba. Sai an jima.