Baƙin 'Yan Wasa Da Makomar Tawagar Ƙasa: Abin Da Ingila, Italiya Da Saudiyya Suka Gani

Assalamu alaikum masu kallo. A ranar 26 ga Disamban 1999, ƙungiyar Chelsea ta je gidan Southampton domin buga wasan gasar Firimiya, kuma da aka fitar da sunayen mutum goma sha ɗaya da za su fara wasan, sai aka ga babu ɗan Birtaniya ko guda a cikinsu. Kociyan, Gianluca Vialli, ɗan Italiya ne. Mai tsaron raga ɗan Holan ne. Wanda ya ci ƙwallaye biyun da suka ba Chelsea nasara da ci 2 da 1, wato Tore Andre Flo, ɗan Norway ne. Sannan wanda ya tsare baya ta hagu shi ne Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. Wannan ne karon farko da aka ga haka a babbar gasar Ingila, kuma tun daga ranar muhawara ta kaure a kan wata tambaya da har yau ba a gama da ita ba: idan baƙi suka cika gasar cikin gida, shin tawagar ƙasa rauni take yi ko ƙarfi?

Kafin mu shiga amsar, ya kamata mu san yadda aka yi ƙofar ta buɗe. A shekarar 1990 wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya kammala kwantiraginsa da ƙungiyar RFC Liège, ya so ya koma Dunkerque ta Faransa, amma batun kuɗin sauyin sheƙa ya sa cinikin ya wargaje, ƙungiyarsa kuma ta zabtare masa albashi. Bosman ya garzaya kotu, aka shafe shekara biyar ana tafka shari'a, har ranar 15 ga Disamban 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan abu biyu. Na farko, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya kuɗi a kansa ba. Na biyu, wanda shi ne ya shafi maganarmu, babu hukumar da ke da ikon ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da ƙungiya za ta saka a fili. Kafin hukuncin, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta yarda ne da baƙi uku kawai, sai ƙarin biyu da suka daɗe suna wasa a ƙasar. Hukuncin ya zo daidai lokacin da kuɗin talabijin ya fara kwarara cikin gasar Firimiya, saboda haka ƙungiyoyin Ingila suka sami ikon sayen baƙi da kuma aljihun sayensu a lokaci guda. A makon farko na gasar a 1992, baƙi goma sha uku ne kacal suka buga wasa a dukan ƙungiyoyin. Zuwa watan Fabrairun 2005, Arsène Wenger ya fito da tawagar Arsenal ta mutum goma sha shida, har da 'yan benci, domin karawa da Crystal Palace, ba tare da Bature ɗan Ingila ko ɗaya ba.

Hujjar masu ganin laifin baƙi tana da sauƙin fahimta, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Gurbi goma sha ɗaya ne a fili, ƙungiyoyi ashirin ne a gasar, kenan mutum 220 ne ke fara wasa a kowane mako. Duk gurbin da baƙo ya riƙe, ɗan gida ya rasa shi. A 2013 shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, Greg Dyke, ya koka cewa kaso 32 cikin ɗari ne kawai na masu fara wasa a kakar da ta gabata suka cancanci buga wa Ingila. Idan aka cire waɗanda suka ji rauni da waɗanda shekaru suka cim musu da waɗanda ke ƙananan ƙungiyoyin da ba sa zuwa gasar Zakarun Turai, za a ga cewa rumbun da kociyan ƙasa yake ɗiba daga ciki ya ƙanƙance matuƙa. Da Croatia ta doke Ingila da ci 3 da 2 a Wembley a watan Nuwamban 2007, ta hana ta zuwa gasar Nahiyar Turai ta 2008, jaridu da dama sun ɗora laifin a kan wannan ƙarancin.

Sai dai tarihin Ingila da kansa yana ƙaryata wannan bayani idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Daga 1931 zuwa 1978 dokokin ƙasar sun toshe wa ƙwararrun 'yan wasa na ƙetare hanya kusan baki ɗaya, kuma sai a 1978 ne Tottenham ta kawo Osvaldo Ardiles da Ricardo Villa daga Ajantina. A wannan zamani da gasar take hannun 'yan tsibirin Birtaniya da Ailan, Ingila ta ci Kofin Duniya sau ɗaya a gidanta a 1966, amma kuma ta kasa samun ko gurbin zuwa gasar a 1974 da 1978. Ta sake kasa zuwa a 1994, kafin hukuncin Bosman. A ɗaya ɓangaren kuma, a shekarun da baƙi suka fi yawa ne Ingila ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2018, ta kai wasan ƙarshe a gasar Nahiyar Turai sau biyu a jere, wanda Italiya ta doke ta a bugun fenariti a 2021 da wanda Sifaniya ta ci ta 2 da 1 a 2024. Yawan baƙin bai ragu ba a tsakanin, don haka dole wani abu dabam ne ya canja.

Abin da ya canja shi ne yadda ake renon yara. A 2012 gasar Firimiya ta fara sabon tsarin makarantun horar da matasa, wanda ya rarraba su aji-aji, ya ƙara sa'o'in atisaye, ya kuma tilasta ɗaukar ƙwararrun masu horarwa. A watan Oktoban shekarar aka buɗe cibiyar St George's Park, inda dukan tawagogin ƙasar, daga ƙanana har babba, suke atisaye a wuri ɗaya. Bayan shekara biyar, a 2017, Ingila ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Koriya ta Kudu, ta kuma ɗauki na 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya bayan ta lallasa Sifaniya da ci 5 da 2. Phil Foden yana cikin yaran da suka je Indiya, kuma a ganina shi ne misali mafi kyau na amfanin baƙi, domin ya tashi yana atisaye kullum tare da David Silva da Kevin De Bruyne a ƙarƙashin Pep Guardiola. Da a ce an kori waɗannan ukun daga Manchester City domin a ba shi wuri, da ya sami mintunan wasa masu yawa, amma da wuya ya zama ɗan wasan da ya zama.

Akwai kuma abu na biyu da ba a cika ambata ba. Shekaru aru-aru ɗan wasan Ingila bai saba barin gida ba, saboda albashin zaman benci a Landan ya fi albashin fara wasa a wasu ƙasashen. A 2017 Jadon Sancho ya karya wannan al'ada, ya bar Manchester City yana ɗan shekara 17 ya tafi Borussia Dortmund, sannan a 2020 Jude Bellingham ya bi sahunsa daga Birmingham City. Shekarun da ke tsakanin 18 da 21 su ne lokacin da matashi yake buƙatar wasan gaske, gaban 'yan kallo, inda kuskure ke jawo asarar maki, kuma waɗannan yaran sun gane cewa idan babu wuri a gida, akwai shi a wata ƙasa. A nan nake ganin asalin maganar take. Shigowar baƙi ba ta cutar da tawagar ƙasa matuƙar ɗan gidan da aka ture yana da hanyar fita, kuma yana da niyyar bin ta.

Dokar tilasta saka 'yan gida kuwa, amfaninta kaɗan ne. Tun 2010 kowace ƙungiyar Firimiya ba ta da ikon rajistar fiye da mutum 17 da ba renon gida ba cikin 25, amma ma'anar renon gida ba ta da alaƙa da fasfo, domin duk wanda ya yi shekara uku a wata ƙungiyar Ingila ko Wales kafin ya cika 21 ya shiga lissafi. Da haka ne Cesc Fàbregas, wanda ya ci wa Sifaniya Kofin Duniya, ya zama ɗan gida a takarda. Babban abin da dokar ta haifar shi ne tsadar 'yan wasan Ingila a kasuwa.

Italiya ta taɓa gwada kulle ƙofa gaba ɗaya. Bayan Koriya ta Arewa ta ba ta kunya da ci 1 da nema a Kofin Duniya na 1966, ta hana ɗauko baƙi har zuwa 1980, kuma a tsakanin ta ci kofin Nahiyar Turai na 1968, ta kai wasan ƙarshe na duniya a 1970. Masu goyon bayan kulle ƙofa suna yawan kafa hujja da wannan. Amma a 2006, shekara goma bayan Bosman, lokacin da gasar Serie A ke cike da baƙi, Italiya ta ɗauki Kofin Duniya da mutum 23 da dukansu a gida suke wasa. Rashin zuwanta gasar a 2018 da 2022 ya zo ne bayan gasar tata ta talauce, filayenta sun tsufa, kociyoyinta kuma suna tsoron ba yaro ɗan shekara 19 dama. Jamus ta bi wata hanyar: a watan Afrilun 2001 Energie Cottbus ta fara wasa da baƙi zalla, amma maimakon ta kore su, ƙasar ta wajabta wa ƙungiyoyi gina makarantun matasa bayan abin kunyar gasar Nahiyar Turai ta 2000, ta kuma girbi sakamakon da ta ɗauki Kofin Duniya a Brazil a 2014.

Inda ake ganin illar baƙi ƙarara a yau shi ne Saudiyya, kuma ya dace mu tsaya a kanta. A ranar 22 ga Nuwamban 2022 tawagar Saudiyya, wadda duk 'yan wasanta a gasar gida suke, ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a filin Lusail, a Kofin Duniya na Qatar. Saleh Al-Shehri ne ya farke, Salem Al-Dawsari ya ci ta biyu, mai tsaron raga Mohammed Al-Owais kuma ya hana Messi da abokansa sakat. Bayan makonni kaɗan Cristiano Ronaldo ya sauka a Al-Nassr, sannan a watan Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnati ya karɓi kaso 75 cikin ɗari na manyan ƙungiyoyi huɗu, wato Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli. A lokacin kowace ƙungiya tana da damar ɗaukar baƙi takwas, daga baya aka ƙara zuwa goma. Ku duba inda kuɗin ya tafi. Ba a sayen baƙo mai tsada domin ya tsare gefe. Ana sayensa ne domin ya ci ƙwallo, ko ya tsare raga, ko ya juya wasa daga tsakiya. Al-Hilal ta kawo Yassine Bounou ɗan Maroko ya zama gola na farko, Al-Owais ya tsinci kansa a benci. Ta kawo Aleksandar Mitrović ya riƙe gaba, Al-Shehri ya koma jiran canji, da ya sauya sheƙa zuwa Al-Ittihad kuma ya tarar da Karim Benzema a gurbinsa. Cikin shekara guda, biyu daga cikin gwarazan Lusail sun zama 'yan kallo a ƙungiyoyinsu. Kociyan Saudiyya na lokacin, Roberto Mancini, ya sha kokawa a bainar jama'a cewa yana kiran 'yan wasan da ba sa buga wasa a kulob, kuma ya bar aikin a watan Oktoban 2024. Wata guda bayan tafiyarsa Indonesiya ta doke Saudiyya da ci 2 da nema a Jakarta.

Abin da ya bambanta ɗan Saudiyya da Sancho shi ne hanyar fita. Albashin gida yana da tsoka, kuma kaɗan ne daga ƙungiyoyin Turai ke neman ɗan wasan da bai taɓa gwada kansa a waje ba. A watan Janairun 2018 hukumomi sun tura mutum tara aro zuwa Sifaniya, kusan dukansu suka dawo ba tare da sun buga abin a zo a gani ba. Tafiyar Saud Abdulhamid zuwa Roma a 2024 ta zama babban labari ne saboda ƙarancin irinta. China ta faɗa irin wannan rami lokacin da ta kashe maƙudan kuɗi kan su Oscar da Hulk da Carlos Tevez, alhali zuwanta Kofin Duniya na 2002 ya kasance tun kafin wannan facaka. Masar kuwa, da Essam El-Hadary a raga da tawagar da mafi yawanta 'yan Al Ahly da Zamalek da Ismaily ne ta ci Kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010.

Mu da muke kallon Firimiya a gidajen kallo, ya kamata mu tuna cewa baƙin da Ingila ke kuka da su, wasunsu 'ya'yanmu ne, kuma abin da ta kira asara, riba ce ga ƙasashen da suka fito. Mutum ɗaya ne kawai cikin tawagar Ajantina da ta ɗauki kofi a 2022 yake wasa a gida, wato gola Franco Armani na River Plate. Najeriya ma a wannan sahu take, domin gasarta ba ta fama da yawan baƙi, tana fama ne da ficewar duk yaron da ya fara haske tun kafin ya cika kaka biyu. Duk da haka, a 2013 kociyan Najeriya, marigayi Stephen Keshi, ya tafi gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ya haɗa su da su Mikel Obi da Victor Moses na Chelsea, kuma ɗaya daga cikin shidan, Sunday Mba, shi ne ya ci Ivory Coast ƙwallon da ta fitar da ita, ya kuma ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe.

Saudiyya za ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya a 2034. Yaran da za su saka mata riga a lokacin, a yanzu suna makarantun Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad, kuma nan da 'yan shekaru kowannensu zai zaɓa tsakanin albashin benci a Riyadh da gurbin fara wasa a wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam ko Fotugal.