Littattafan "yadda za ka yi kuɗi" da ake tallarsu a goslo, me ke cikinsu kuma me suka ɓoye?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. In dai a Legas kake zaune ka san wannan yanayin, goslo ya riƙe mutane a hanyar Ikorodu, ga masu ruwan leda ga masu gala suna bin motoci, sai kuma ga wani yaro ya jero littattafai tun daga cikinsa har haɓa yana leƙa tagar mota. Ka je ƙarƙashin gadar Ojuelegba ko Yaba ko wajen CMS, su ɗin dai ne a shimfiɗe a ƙasa, duk bangonsu magana ɗaya yake, ka yi tunani ka yi arziki, ka canza ɗabi'a ka zama miloniya. Ni na fi shekara 10 ina sayensu, wasu sun amfane ni wallahi, wasu kuma sun kusa kai ni su baro, shi ya sa na ce yau bari mu zauna mu buɗe su.

Abun ba yau aka fara ba. Tun 1859 wani mutumin Sikotilan mai suna Samuel Smiles ya fitar da littafi ya sa masa suna Self-Help, wato taimaki kanka da kanka, daga nan sunan ya bi irin waɗannan littattafai gaba ɗaya. Amma waɗanda suka fi cika titin Legas na Amurka ne. The Richest Man in Babylon ya fito 1926, Think and Grow Rich na Napoleon Hill 1937, Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki 1997. Ka lura da 1937 ɗin nan, lokacin Amurka tana cikin matsanancin karayar tattalin arziki ne, mutane sun rasa aiki sun rasa gidaje, sai ga littafi yana ce musu mafita tana cikin kanku. Dole ya samu kasuwa. Mu ma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ai ka ga yadda masu koyar da sirrin arziki suka cika TikTok da WhatsApp, ko'ina ka leƙa wani yana tsaye gaban mota yana maka lacca.

To bari in fara da alherinsu don kar a ce na zo rushewa ne kawai. Lokacin da na buɗe ɗan teburina na kayan waya a Agege, caja da iyafis da gilashin sikirin, ni duk kuɗin da ya shigo aljihuna nawa ne. In na yi cinikin dubu 20 sai in ji ni mai dubu 20 ne, in ci abinci a ciki, in sa kati a ciki, a kira daga gida Kano a ce ga matsala in tura a ciki, ranar da zan koma Computer Village, kasuwar kayan waya ta Ikeja, saro kaya sai in ga kuɗin ba su kai ba, kuma na rantse ban san inda suka shiga ba. A ɗaya daga cikin littattafan nan na fara cin karo da maganar cewa ka rubuta komai, ka raba uwar kuɗi da riba, kuma ka cire kashi 1 cikin 10 na abun da ka samu ka ajiye kafin ka kashe ko sisi. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na fara. Wata biyu kacal na gano bashin da nake bin mutane, irin "kawo caja anjima zan turo maka", ya kusa kai rabin jarina. Wannan ganowar ita ta ceci teburin nan.

Haka maganar bambanta kadara da abun da ke cinye maka kuɗi. Babur ɗin da kake haya da shi yana kawo maka, wayar dubu 400 da ka saya don a gan ka a biki tana ɗauke maka ne, ga data ga gyaran sikirin. Magana ce mai sauƙi amma da yawanmu ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana ita. Kuma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, yaron da ya baro ƙauye ya zo Legas yana gadi ko shushaina ko turin ruwa, kullum kallon raini ake masa, ranar da ya karanta cewa shi ma zai iya tsara rayuwarsa wani abu yana motsawa a zuciyarsa, ni ba zan taɓa raina wannan ba don na ji shi a jikina. Ga turancinka ma yana ƙaruwa.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar.

Matsala ta farko, kuma ita ta fi ci min rai, littattafan nan labarin waɗanda suka tsira kawai suke ba ka. Ka je kasuwar Mile 12 ka tambayi 'yan gwari. Mutum 10 za su loda tumatir daga Arewa a mako guda, duk sun yi sammako, duk sun yi addu'a, duk sun sa jarinsu gaba ɗaya. Motar wani ta lalace a hanya kayan suka ruɓe, wani ya iso ranar da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, wani kuɗin shingaye ya cinye ribarsa, sai mutum ɗaya ya dace ya shigo ranar da babu kaya ya sayar yadda yake so. In wannan ɗayan ya rubuta littafi me zai ce? Zai ce sirrina shi ne sammako da jarumtar zuba jari gaba ɗaya. Ba ƙarya ya yi ba, ya yi sammakon. Amma sauran taran ma sun yi, su dai ba wanda zai buga littafinsu ya kawo maka goslo.

Sannan ana yawan yanke farkon labari. Duk wanda zai ƙarfafa maka gwiwa a ƙasar nan sai ya kira Aliko Dangote, kuma gaskiya mutumin ya yi aiki, matatar man da ke Lekki ba da baki aka gina ta ba, muna alfahari da shi. Amma ka faɗi labarin duka mana. Ta wajen mahaifiyarsa jinin Alhassan Dantata ne, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma da ya fara kasuwanci a 1977 rancen jari daga cikin dangi ya samu. Ya taso yana ganin yadda ake saye da sayarwa tun yana yaro. In ka ɗauki wannan ka ajiye kusa da yaron da ya sauka tashar Agege da leda ɗaya ka ce bambancinsu tunani ne kawai, wallahi ka zalunci yaron.

Su kansu marubutan akwai abun dubawa. Napoleon Hill ya gina littafinsa a kan cewa attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ne ya ba shi aikin ya je ya binciko sirrin masu kuɗi, to masu binciken tarihin Carnegie ba su samu shaidar cewa sun taɓa haɗuwa ba ma, kuma sai bayan Carnegie ya mutu a 1919 labarin ya fara yawo. Kiyosaki kuma a 2012 ɗaya daga cikin kamfanoninsa ya shigar da takardar karyewa a kotu. Tambayar da nake so ka dinga yi kafin ka miƙa kuɗinka ita ce, wannan mutumin da sana'ar da yake koyarwa ya yi kuɗi, ko da sayar mana da littafi da tikitin semina?

Ni na taɓa biyan kuɗin semina a wani otal a nan Ikeja, kuɗin da na yi kusan wata ina tarawa. Awa uku ana sa mu tashi muna ɗaga hannu muna ihu, a ƙarshe aka ce ainihin sirrin yana aji na biyu wanda kuɗinsa ya ninka na farko sau biyar. Akwai wata baiwar Allah kusa da ni mai sayar da abinci, a gabana ta yi tiransifa ta biya, har yau in na tuna fuskarta raina yana ɓaci.

Abu na gaba, ƙasar da aka rubuta littafin daban, tamu daban. Za ka ji ana cewa ci bashin banki ka sayi gida ka zuba 'yan haya su biya maka bashin. A Amurka ana ba da bashin gida na shekara 30 da ruwan da bai kai kashi 10 ba. A nan, ƙarshen 2024 ruwan da Babban Banki ya tsayar ma kashi 27.5 ne, kafin bankin kasuwa ya ɗora nasa, wane gidan haya ne zai biya wannan? Balle mu musulmi kuɗin ruwa haramun ne a wajenmu tun farko, in za ka nemi jari ta banki sai dai ka duba irin su Jaiz, bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, da ya fara aiki 2012. Ko shawarar ajiyar nan da na yaba ɗazu sai ka gyara ta. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ma'ana dubu 100 da ka kulle a akawun shekara guda, in ka fito da ita kayan kusan dubu 74 na bara za ta saya maka. Shi ya sa iyayenmu suke mai da ajiya hatsi ko tumaki ko kayan shago, mata su sayi gwal, sun san abun da suke yi. Kuma babu babin da zai gaya maka me za ka yi in gwamnati ta hana sana'arka a dare ɗaya, kamar yadda aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas daga 1 ga Yunin 2022, mutane nawa 'yan uwanmu suka wayi gari babur ɗin da suke taƙama da shi ba hanyar hawa.

Sai wannan koyarwar ta wai ka rufe ido ka hango kanka cikin mota da gida, tunaninka zai jawo maka su. Wata malamar ilimin halayyar ɗan adam a Jami'ar New York, Gabriele Oettingen, ta yi shekaru tana bincike a kai, abun da ta gano shi ne waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin sun riga sun samu, ƙoƙarinsu raguwa yake yi, don zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin tun ba a je ko'ina ba. A cikin ɗaliban da ta bibiya, masu yawan mafarkin samun aiki su suka fi ƙarancin tura takardun nema, kuma su suka fi ƙarancin samu. Abun da ta ce yana aiki shi ne ka hango burin, nan take ka hango abun da zai tare ka, ka shirya masa. Mu ai an riga an gaya mana, ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Haɗarin wannan koyarwar bai tsaya a ɓata lokaci ba. Wanda aka cika wa kai da cewa masu kuɗi ba sa tsoro, talaka ne mai yawan tambaya, shi ne wanda 'yan damfara suka fi so. MMM, tsarin zuba kuɗi mai alkawarin riba mai yawa, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma in ka saurari masu jawo mutane ciki, yaren littattafan nan suke yi sak, bar kuɗinka ya yi maka aiki, kar ka yi tunanin talaka. In abun ya rushe kuma mutum ya koma yana zargin kansa wai imaninsa da burin ne bai kai ba. Na ga magidanci ya daina fita masallaci don kunya.

Ni yanzu ga yadda nake yi. Littafi ɗaya nake ɗauka, ba na sayen wani sai na ciro abu guda daga cikinsa na gwada shi wata uku a shagona. Duk shawarar da na karanta sai na tambayi kaina, da naira wannan zai yiwu, a Legas da mai gida ke neman hayar shekara gaba ɗaya ga kuɗin ejan ga na agirimen, kuma halal ne? In ta faɗi ko ɗaya na wuce. Sannan in kai ta gaban ubangidana, dattijon da na yi wa yaron shago shekara 4 kafin ya sallame ni, bai taɓa karanta ko shafi ɗaya na turanci ba amma ya san wane dila ne ke cika alkawari, ya san watan da kasuwa ke mutuwa, ya san wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Kwanaki na karanta wani babi a kan buɗe reshe na biyu, na je masa da zumuɗi na ce Alhaji ina so in kama shago a Idi-Araba. Ya yi shiru, sai ya ce ɗauko min littafinka na lissafi. Ya sa na karanta masa ribar wata shida a jere, ya ce cire hayar shekara, cire albashin yaro, cire man janareta. Da na gama cirewa abun da ya rage bai kai kuɗin kwali biyu na caja ba. Ya ce bari sai bayan babbar sallah mu sake dubawa, kafin nan ka shiga adashen 'yan layinku ka ɗauki kwasar ƙarshe. Na shiga, saura zubi uku a zo kaina.