Tauraro ya hango wutar, wa zai je ya kashe?

Wannan rubutu an ɗauko shi ne daga muryar wata lacca da aka naɗa a Asawase, Kumasi, ƙasar Gana, a farkon hunturu. An taƙaita gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Sarakunan zango, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, Allah ya saka da alheri.

Duk wanda ya haura hamsin a nan, ba sai na ba shi labarin 1983 ba. Ruwa ya ƙi, hunturu ya ƙi tafiya, wuta ta shiga daji ta cinye gonakin koko da abincin da ke rumbu. A shekarar ne kuma Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan guda, suka dawo gidan da babu abin sa wa a baki. Ina yaro aka riƙa aikena layin dokunu, ɗanye muke saye tun kafin a ɗora tukunya, don in ka jira ya dahu wani ya riga ka. Ƙashin wuyan da rama ta fito da shi har suna aka raɗa masa, sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin.

Wannan masifa ce ta haifi dokar ƙonen daji ta 1983, aka sake ta a 1990. Dokar ta ce a kafa rundunar 'yan sa-kai ta kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. Ku riƙe min wannan, zan dawo kansa.

A wancan lokacin sai hayaƙi ya turnuƙe ake sanin an yi wuta. Yau akwai taurarin ɗan'adam masu jin zafi daga sama. Na'urar MODIS, wadda aka fara harbawa a 1999, tana raba ƙasa gida-gida, kowane gida kilomita ɗaya. VIIRS, ta 2011, ta fi ta ido, mita 375. Hukumar NASA ta Amurka tana zuba abin da suka gani a taswirar FIRMS cikin kamar awa uku, kyauta, ko a wayar hannu. Na buɗe ta wata rana a Janairu, daga Ejura zuwa Atebubu, Kintampo har arewa, jan ɗigo ne kamar an shanya barkono. Ba mamaki, fiye da rabin ƙasar da wuta ke ci a duniya duk shekara a Afirka take.

To amma tauraron nan wucewa yake yi, ba tsayawa ba. VIIRS takan bi ta kanmu wajen ɗaya da rabi na rana, sai kuma tsakar dare. Gajimare na rufe mata ido, wutar da ke rarrafe ƙarƙashin manyan itatuwa ma takan ɓace mata. Sannan ba ta san ko jan ɗigon nan manomi ne ke ƙona sassabensa ba, ko ma'aikatan gandun namun daji na Mole ne suka sa wutar farkon rani da gangan don rage ciyawa, ko kuwa gobara ce ta nufi gonar kashu.

A ce ma ta gane. Wa za a kira? 'Yan kwana-kwana suna da hukumarsu. Dajin gwamnati na hukumar gandun daji ne. NADMO, da aka kafa a 1996, ita ke da agajin bala'i. Labarin iska da bushewa yana hannun masu hasashen yanayi. Ga majalisar gunduma, ga malaman gona, ga sarkin da ƙasar ke hannunsa. Wuta kuwa ba ta san iyakar ofis ba. In kowa na jiran takarda daga ɗan'uwansa, kafin a sa hannu ta ƙetare rafi.

Ba mu kaɗai muka taɓa shan wannan ba. A 1970 gobarar daji ta yi kwana 13 tana ci a Kalifoniya, mutum 16 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka ƙone. Motoci akwai, jirage akwai. Da aka zauna bincike sai aka ga rediyon wannan hukuma ba ya jin na waccan, kalmomin aikinsu ma daban-daban. Daga nan suka tsara cewa duk inda wuta ta tashi, kwamanda ɗaya ne, harshe ɗaya, kowa ya san wa yake ba rahoto. A ganina wannan ne abin kwaikwayo kafin a zo maganar sayen jirgi marar matuƙi. Jirgin yana da amfani, ban hana ba, amma hoto zai kawo maka.

Mu dawo kan 'yan sa-kai. Na taɓa ganinsu a wani ƙauye bayan Ejura. Adda, ɗanyen reshe, silifas a ƙafa, jarka ɗaya a bayan babur. Sun share layi mai faɗi a gaban wutar, suka cinna tasu daga bakin layin ta koma ta tari waccan, biyun suka haɗu suka mutu. Babu motar da za ta iya shiga wurin. Wanda ya jagorance su ko takalmin roba ba shi da shi, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa taswirar da na faɗa muku.

Alhaji yana tambaya daga can, ina ruwan ɗan zango da wutar daji. Alhaji, masarar da kake aunawa daga ina take zuwa? Doya fa, da gawayi, da shanun da ake saukewa a mayanka? Kuma mu faɗi gaskiya, masu cinna wutar ba baƙinmu ba ne: mai farautar gyazbi, mai ɗibar zuma, makiyayi mai neman sabon toho. Muna ciniki da su duk mako, maganarmu tana shiga kunnensu fiye da ta jami'i.

Matasanmu masu waya, ga aikinku. Ku koya wa abokan cinikin iyayenku tura wurin da suke ta WhatsApp ko manhajar adireshi ta GhanaPost GPS, don "bayan babban rimi" ba adireshi ba ne ga mai tuƙa motar ruwa. Lambar gaggawa 112 ce. Ƙungiyar 'yan masara kuma, in za a iya tara kuɗin takalma da adduna a aika Ejura kafin Disamba, sakatare ya rubuta, mu tattauna bayan Magariba.