Yadda Motocin Gini Ke Gani Su Yi Aiki Babu Direba

Mu ɗauki misalin wurin aikin madatsar ruwa ta Naruse, a lardin Akita da ke arewacin Japan. A nan ne kamfanin Kajima ya sa tifofi suna juye tsakuwa da aka cakuɗa da siminti, katafiloli suna baje ta, motocin daɓe kuma suna bi suna dannewa, alhali babu kowa a kujerar direba. Ma'aikata ƙalilan ne suka riƙa sa ido daga wani ɗaki mai nisa. Larura ce ta kai Japan ga haka, domin maginanta suna tsufa kuma matasa ba su cika shiga sana'ar ba, shi ya sa gwamnati ta ƙaddamar da shirin i-Construction, na shigar da fasahar zamani cikin aikin gini, a 2016.

To, ta yaya mota take sanin inda take? Da farko ana tura jirgi maras matuƙi ya ɗauki hotunan filin daga sama, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da taswirar da ke nuna kowane tudu da kowane kwari. Na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam tana gaya wa motar matsayinta a kan taswirar, kusan babu kuskuren da ya wuce 'yan santimita. Na'urar leza kuwa tana harba haske ta auna nisan duk abin da ya tare gabanta.

Inda aikin yake da wuya shi ne kyamara. An horar da manhajarta da hotuna masu ɗimbin yawa don ta bambanta mutum da tulin ƙasa, amma ƙura da hazo da hasken rana mai kashe ido suna ruɗa ta, kuma lebura da ya tsuguna a bayan buhunan siminti ba ya kama da mutumin da ta saba gani a tsaye. Saboda haka ne fasahar ta fara kafuwa a wuraren da aka killace. Tun 2008 manyan tifofin Komatsu suke jigila babu direba a wata mahaƙar tagulla a Chile, inda hanya ɗaya ake bi kullum. Filin gini a tsakiyar gari kuwa yana sauyawa kowace safiya, mutane suna kai da kawo, don haka a irin wannan wuri an fi ɗora wa kyamara aikin gargaɗin direba, ko tsayar da motar da zarar wani ya matso kusa.